Tambayar da Aka Fara Gogewa

Ranar Laraba aka wayi gari Zauren Manhaja fayau, babu komai a ciki. Zauren nan ba na ƙasa da azara ba ne, shafi ne a intanet da samarin Funtua da Malumfashi da ƙauyukan tsakaninsu suka kafa, domin mai koyon rubuta manhajar kwamfuta ya yi tambaya da Hausa a amsa masa da Hausa. Shekara uku ana tarawa. Tambaya ɗari huɗu da sha biyu da amsoshinsu, duk an share su ranar Talata tsakanin azahar da la'asar. Kundin shafin kuwa, inda ake rubuta wa ya yi me, suna ɗaya ya nuna daga farko har ƙarshe: Liatu Amos.

Masu gadin Zaure biyu ne, su kaɗai ke da ikon goge rubutun wani. Ɗaya Sulemanu na Malumfashi, wanda ya gina shafin. Ɗayar Liatu, 'yar Dayi, wadda ta fi kowa iya aikin, ta kuma fi kowa kaifin baki.

Kafin hantsi samari sun cika cibiyar koyon kwamfuta ta Malam Maiwada a Funtua, kowa na magana babu mai saurare. Ɗanasabe mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa ke jingine da cibiyar, yana jin su ta bango har ya kasa riƙe ƙusa. Ya ajiye aikin ya shigo.

“Ai ta faɗa da bakinta,” in ji wani. “Ran da suka yi cacar baki da Sulemanu, cewa ta yi rabin amsoshin nan nata ne, in ta ga dama ta kwashe kayanta.”

“To ga shi ta kwashe har da namu. Ta sami aikin Zariya, mu kuma ko oho.”

Malam Maiwada ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Tsohon hedimasta ne, shi ne uban ƙungiyar, shi ya ba su ɗaki da janareta. Ya ce za a zauna ranar Asabar bayan la'asar a yanke hukunci. Takardar shaidar halin kirki da wata makarantar koyon kwamfuta ta Zariya ke jira kafin ta ɗauki Liatu aiki kuwa, ba za ta bar hannunsa ba sai an zauna. Kowa ya san ranar Litinin mutanen Zariya za su rufe karɓa.

Abin ya dami Ɗanasabe ƙwarai. Amos, mahaifin yarinyar, abokinsa ne tun suna 'yan firamare a Mahuta, kuma shi ya riƙe hannunsa a asibiti ranar da ya cika. Mahaifin Ɗanasabe mai bin sawun ɓarayin shanu ne, ya kuwa bi shi daji har ya kai shekara sha biyar. Ɗan abin da ya tsinta a lokacin shi ya sa har yau in waya ta ɓata a layinsu, shi ake fara nema.

Ya durƙusa gefen kujerar tsohon. “Malam, a ba ni izini in duba kafin Asabar.”

“Me za ka duba, Ɗanasabe? Suna ya fito.”

“Suna ya fito, Malam. Hannu ne bai fito ba.”

Malam Maiwada ya cire tabarau ya goge da gefen riga. “To, duba.”

* * *

Ɗanasabe ya iske Liatu a tsakar gida a Dayi, ita da Gwaggonta Rahab suna ɓarar masara. Idanunta sun kumbura, amma bakin yana nan yadda ya san shi.

“Baba, in da ni zan goge, da sunana zan goge? Ni wawuya ce?”

“Ba wannan na tambaye ki ba. Ina kike ranar Talata da azahar?”

“Gona. Tun safe har rana ta yi sanyi. Wayata ma tana wurin mai caji.”

“Tare muka wuni,” in ji Gwaggo Rahab. “Na faɗa musu, wai ai dole in kare ta tunda jinina ce. To wa zan kawo musu, masarar?”

Ɗanasabe ya tambaya ko wani ya san kalmar sirrinta. Ta ce babu, kuma duk wata take canzawa. Ya tambaya ko tana da abokan gaba a Zaure. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

“Duk malalacin da na ce ya je ya yi karatu kafin ya dame mu. Ka fara da Manu na Danja, shi na kora, aikin wani ya kwaso ya ce nasa ne.”

“Mutum nawa kika faɗa wa irin wannan maganar?”

“Ban ƙirga ba.”

“Da kin ƙirga, da yau na san inda zan dosa,” in ji shi, ransa a ɓace. Yana son yarinyar nan kamar 'yar cikinsa, amma Allah ya sani wani lokacin sai ya ji kamar ya toshe mata baki da totuwar masara. Ya tambaya ko akwai wani sabon abu da ya faru a makon.

“Babu. Sai shirin bikin cika shekara uku. Ranar Litinin na sanar cewa za mu haska tambayoyi goma mafi ban dariya a bango, a ɗan sha raha.”

“Masu tambayoyin fa, sun yarda?”

“Haba Baba, wasa ne fa. Yawancinsu ma da sunan aro suke rubutu.”

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Da zai fita Gwaggo Rahab ta biyo shi soro ta rage murya. Ta ce tun Laraba yarinyar ba ta ci abin kirki ba, kuma in aikin nan ya kuɓuce da wannan tabon a jikinta, babu mai sake ɗaukarta ko da shara ce. Ya ce ya sani.

* * *

Sulemanu yana da ɗan shago a Malumfashi inda yake buga wa mutane takardu. Da farko ya yi ta noƙe-noƙe, sai da Ɗanasabe ya ce da izinin Malam ya zo sannan ya buɗe kundin.

“Daga wace na'ura aka shigo?”

“Ai ban sa yana ajiye wannan ba, Baba. Wuri yake ci.”

“Daga wane gari?”

“Shi ma haka.”

Ɗanasabe ya yi tsaki ya ja kujera. Kowane layi na kundin yana da lokaci, da suna, da abin da aka yi, da wata doguwar lamba a ƙarshe. Ya ɗora yatsa a kanta ya ce, wannan fa?

“Tikitin zama ne. In ka shiga da kalmar sirrinka, shafin zai ba burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, wannan lambar, don kada ya yi ta tambayarka kai wane ne. Kamar ɗan katin da mai caji ke ba ka. Duk wanda ya kawo katin shi ake miƙa wa wayar, ba a duba fuska.”

Wannan Ɗanasabe ya sani. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk aikin da Liatu ta yi a watan nan lambarsa ɗaya ce, ta ranar Talata kuwa daban. Ya sa Sulemanu ya nemo ranar da aka fara ba da ita. Suka yi ta ja baya, suka wuce kaka suka shiga damina, sai ga ta a watan Yuni.

Sulemanu ya dafe kai. “Ranar darasi ce. Liatu ta koyar da yadda tikitin zama ke aiki, a cibiyar Malam. Nata ta buɗe ta haska a bango don kowa ya gani. Aka ɗauki hoton bangon aka sa a Zaure domin waɗanda ba su zo ba.”

“Da lambar a jiki?”

“Ƙuru-ƙuru. Amma ai ta canza kalmar sirri a ranar, a gabanmu.”

“To canza kalmar yana kashe tsohon tikiti?”

Sulemanu ya shiga sosa ƙeya.

“Ina jinka.”

“Ya kamata ya kashe. Da can ma kwana ɗaya tikiti ke yi ya mutu. Sai mutanen Mahuta da Dayi suka yi ta ƙorafi, wai sai sun hau tudu sun sami sabis, kafin su gama shigar da kalmar sirri ya ɗauke. Shi ne na cire wa'adin gaba ɗaya. Taimako na yi, Baba.”

“Ka taimaka kam. Ka rataye mabuɗin gida a bakin kasuwa wata biyar.”

Takaici goma da ashirin. Ya zo neman mutum ɗaya, ya tashi da mutum ɗari biyu da 'yan kai, domin duk ɗan Zaure ya ga hoton nan. Sulemanu kansa bai fita daga zargi ba, sai dai ranar Talata yana Katsina wurin jarrabawar neman aiki, ga takardar shiga da hatimi. Kuma da labarin tikitin ya kai Funtua, samari cewa suka yi ai wannan ma wayon Liatu ne: ta yi amfani da tsohon tikitinta don a ce sata aka yi.

Da zai tafi ya tambaya ko akwai kwafin Zauren a ajiye. Sulemanu ya ciro wani filas, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, daga aljihun tebur yana kallon ƙasa. Ya ce akwai na wata uku da suka wuce, amma an wanke shi a aljihun wando, tun ranar bai ƙara buɗewa ba. Ɗanasabe ya karɓa ya jefa a aljihu, bai ma iya yin faɗa ba.

* * *

Manu yana sayar da murfin waya da caja a bakin tashar Danja. Tun kafin Ɗanasabe ya kashe babur ya fara washe baki.

“Na ji labari, Baba. Alhakina ne ya kama ta.”

“An ce kana faɗa a majalisa cewa kai ne ka yi maganinta.”

“To, mutum ai ba ya faɗin duk abin da ya iya.”

Ɗanasabe ya ciro 'yar kwamfutarsa daga jaka, ya buɗe ta a kan teburin cajoji, ya tura masa. “Nuna mini inda burauza ke ajiye tikitin zama.”

Manu ya danna nan ya danna can. Ya buɗe wurin hotuna, ya rufe. Ya buɗe kalkuleta.

“Irin wannan kwamfutar ban saba da ita ba.”

“Ranar Asabar za a iya kiran 'yan sanda. In kai ne, sai ka shirya.”

“Wallahi Baba cika baki ne kawai. Ranar Talata ma ina nan, tambayi duk 'yan tasha. Ni ko darasin ban gane ba.” Ya sassauta murya. “Amma ka san Allah, yarinyar nan ta ƙona ran mutane da yawa. Ni na yi laifi, na yarda. Wasu kuwa tambaya kawai suka yi, ta mai da su abin dariya ta kulle maganar. Da yawa ba su ƙara rubuta komai ba.”

Ɗanasabe ya hau babur ya kama hanyar Funtua, an yi asarar mai da wuni guda. Ranar Alhamis ke nan.

* * *

Juma'a da safe ya kulle kansa a shago. Ya fasa filas ɗin, ya kankare tsatsar, ya sake liƙe 'yan ƙafafunsa da dalma. Sau biyu ana ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. Yana jiran ƙarfen liƙin ya sake zafi ya shimfiɗa takardun kundin da Sulemanu ya buga masa, shafi tara.

Kwana biyu yana kallon tulin abin da aka goge, nan ne kuskurensa. Mahaifinsa in an kira shi garke, ba ya tsayawa inda sawu ya yi yawa. Zagayawa yake ya nemo inda ɓarawo ya fara sa ƙafa, domin a nan ne mutum bai fara tunanin ɓoye kansa ba.

Ya koma layin farko. Ƙarfe biyu da minti shida aka shigo. Wanda ya shigo bai taɓa sababbin tambayoyin da ke sama ba. Kai tsaye ya zarce wata tsohuwa, mai lamba ɗari biyu da tamanin da bakwai, ta wata takwas da suka wuce, ya goge ta. Daga nan kundin ya yi shiru har minti sha ɗaya. Sai kuma aka dawo sama aka fara sharewa bi da bi, babu zaɓe, har aka gama.

Ashe tambaya ɗaya aka zo gogewa. Sauran ɗari huɗu da sha ɗayan ƙasa ce aka tura a kan sawu.

Bayan an sauko daga masallaci filas ya yarda ya buɗe. Mai tambayar ya sa wa kansa suna Mai Neman Sani. Ya yi sallama cikakkiya, ya nemi afuwar ɗaukar lokacin jama'a, ya ce ya rubuta 'yar manhajar da za ta jera ɗalibai bisa makinsu, amma sai take ba kowa na ɗaya. A ƙasa ga amsar Liatu: “Duk ajinku kun zo na ɗaya ke nan, har da kai? Je ka koyi ƙidaya tukuna. An rufe.” Mutum sittin da uku sun sa alamar dariya.

A ƙarƙashin manhajar mai tambayar ya liƙa sunayen da ya gwada da su, da makin lissafi. Ɗanasabe ya fara karantawa da ido, kafin ya ankara leɓɓansa sun kama. Abubakar Tanko. Amos Atu. Ɗanasabe Ilu. Hajjo Barau. Lauratu Sanda. Sakinatu Gambo. Har talatin da ɗaya, babu wanda aka tsallake.

Rajistar aji shida ce ta makarantarsu ta Mahuta, shekarar 1983. Littafin ya daɗe da zama abincin gara. Mutum ɗaya ne ya kira sunayen nan kowace safiya har suka zauna masa a ka, saurayin malami ɗan shekara ashirin da biyu da ya zo musu da keke da bulalar da bai taɓa amfani da ita ba: Malam Maiwada. Sai kuma ya tuna cewa duk darasin da ake yi a cibiya, Malam Maiwada yana zaune can baya da ɗan littafinsa, kowa na zaton lissafin man janareta yake yi. Ya tuna ranar Talata cibiya na kulle don salla da abinci, amma janaretan bai mutu ba.

Ya rufe kwamfutar. Da ma Manu ne, da ya fi masa sauƙi sau dubu.

* * *

Asabar da safe ya sami Malam a ƙofar gida yana ba tumaki harawa. Suka gaisa, ya karɓi kwandon ya ƙarasa zubawa.

“Malam, na gyara filas ɗin Sulemanu. Na ga tambayar da aka fara gogewa.”

Hannun tsohon ya ɗan tsaya a kan igiyar tunkiya. “To, madalla.”

“Na ce ko wanda ya yi zai fito da kansa kafin la'asar. Ko ma ba a gaban jama'a ba. A ce dai an gano ba ita ba ce, a ba ta takardarta.”

“In an ce ba ita ba ce, za su ce to wane ne. Ka san yaran nan.”

“Na san su, Malam.”

“Yarinyar nan tana buƙatar ta koyi ladabi, Ɗanasabe.”

“Tana buƙata. Amma ba da abincinta za a koya mata ba. 'Yar Amos ce fa.”

Malam Maiwada ya juya masa baya yana gyara ƙullin igiyar da babu abin da ya same shi. Ya ce rana tana yi, sai sun haɗu a wurin taro. Ɗanasabe ya juya ya tafi.

* * *

Bayan la'asar cibiya ta cika har ana leƙowa ta taga. Liatu na zaune a gefe ɗaya da Gwaggo Rahab, an bar benci guda babu kowa tsakaninsu da jama'a. Sulemanu ya zo, Manu ma ya zo ya raɓe a bayan ƙofa. Malam Maiwada yana kan kujerarsa gaban allo.

Sulemanu ya yi bayanin tikiti, ya amsa laifinsa na cire wa'adi. Aka yi ta musu kusan rabin awa. A ƙarshe wani ya ce tunda ba a kama kowa ba, sunan da kundi ya nuna shi za a riƙe: a kore ta, a kuma rubuta wa Zariya dalili. Hannaye suka fara tashi. Ɗanasabe ya dubi Malam. Malam yana kallon bango.

Ɗanasabe ya miƙe. Ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya nuna musu layin farko na kundi da shirun minti sha ɗaya. Sannan ya haska tambayar. Wasu suka fara murmushi, sun tuna ta.

“Kada ku yi dariya,” in ji shi. “Kun riga kun yi taku, ga adadinku nan a ƙasa. Ban zo da sunan kowa ba. Abin da ke ƙarƙashin tambayar zan karanta muku, tunda na ga babu wanda ya karanta.”

Ya juya wa bango baya, ba ya buƙatar kallo. “Abubakar Tanko. Amos Atu. Ɗanasabe Ilu.” Muryarsa ta sarƙe a nan, ya yi gyaran murya, ta ƙi fita.

“Hajjo Barau,” in ji wata murya daga gaban allo. “Lauratu Sanda. Sakinatu Gambo. Zauna, Ɗanasabe. Tun kana yaro ba ka iya karatu a gaban jama'a.”



Malam Maiwada bai tashi ba. Ya ce shi ne Mai Neman Sani. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, da ya yi ritaya ya ga yara suna wani ilimi a ɗakinsa da bai san kansa ba, ya ji kwaɗayi, ya kuma ji kunyar ɗaga hannu a gaban jikokinsa. Shi ne ya ari suna. Tambaya ɗaya ya taɓa yi a rayuwar Zauren. Ya haɗiye abin wata takwas. Da ya ji za a haska ta a bangon ɗakinsa, a gaban baƙi, ga sunayen da duk tsohon ɗan Mahuta zai gane, sai ya ɗauko littafinsa inda ya kwafe darasin Yuni har da lambar.

“Tawa kaɗai na yi niyya. Da na goge na zauna ina kallo, sai na ga gurbi ɗaya zai fi nuna ni. Shi ne na share sauran. Da gari ya waye aka kama sunanta, na yi shiru, har na ce a raina ta ɗanɗana. Wannan shirun ya fi gogewar muni, kuma na sani tun ranar Laraba.”

Ya ciro ambulan mai ɗauke da takardar shaidar Liatu daga aljihun gaba ya ajiye a kan tebur. Ya ce da sa hannunsa a ciki tun makon jiya, kuma duk abin da ya rubuta game da ƙwazonta gaskiya ne.

Liatu ta taso. Kowa ya zaci ambulan za ta ɗauka, ko kuma ta saki bakin nan nata. Sai ta wuce teburin ta tsaya gaban bango, hasken majigi a bayan kanta, ta ɗora yatsa a layi na biyu.

“Amos Atu, tamanin da ɗaya,” ta karanta a hankali. “Malam, Babana ne?”

“Shi ne. Da kin sauko da idonki layi biyu a wancan lokacin, da kin gan shi.”

“Ban san ya iya lissafi ba.”

“Ya fi kowa a ajin. In ya gama nasa, bencin baya yake komawa wurin waɗanda suka kasa. Tambayi Ɗanasabe, a can yake zama.”

Ta durƙusa a wurin, ta rufe fuska da gyale. Gwaggo Rahab ce ta zo ta ɗauki ambulan ta sa a jakarta, ta zuge zif.

Malam Maiwada ya zaro mabuɗan cibiya ya miƙa wa Sulemanu. Ya ce ɗakin nasu ne har abin da hali ya yi, amma su nemi wani uban. Ya dafa tebur ya miƙe. Samari suka dare suka ba shi hanya, babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Ɗanasabe ya riga shi zuwa bakin ƙofa, ya sunkuya zai juya masa takalmansa. Ya san ya yi daidai, ya san in aka sake maimaita yinin haka zai yi, amma zuciyarsa ba ta yi masa daɗi ko kaɗan ba.

“Bar su, Ɗanasabe,” in ji tsohon. “Ka gama aikinka.”

Ya sunkuya da ƙyar yana dafa bango, ya juya takalman da kansa, ya saka ya tafi.